Rigar amarya amana ce a hannun mai shago

Ranar Laraba da la'asar, saura kwana uku ɗaurin aure, na raka ɗiyar wana karɓar rigarta. Daga unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi, muka hau adaidaita zuwa wani shagon kayan amare da ba zan ambaci sunansa ba. Wata guda ke nan da muka kai leshi, muka ba da kafin alƙalami, aka yi mata awo har sau biyu.

Muna ɗaga labulen ƙofa muka tarar da wata yarinya gaban madubi tana juyi cikin farar riga. Ɗaya na riƙe da salula tana ɗauka, wata na haska mata fitilar nan mai zobe, waƙa na tashi. Sai na ji amaryarmu ta damƙe mini hannu, ta ce da murya ƙasa-ƙasa: "Gwaggo, tawa ce." Ita da kanta ta zaɓi duwatsun da aka jera a hannun rigar, ba yadda za a yi ta kasa gane su.

Mai shagon ta taso da fara'arta. "Hajiya, sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri, ba komi ba ne, yarinyata ce na ce ta sa mu ɗan ɗauki bidiyo. Ko minti biyar ba a yi ba. Ai ba a fita da ita ba."

Da aka tuɓe rigar na karɓa na juya ta. A wuya, ta ciki, ga layin hoda ruwan ƙasa tun daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Hammata ta jiƙe da zufa. Ƙamshin turaren wata ya kama ta. Duwatsu uku sun ɓalle daga ƙugu, ɗaya ni na tsince shi a ƙasa kusa da ƙafar keken ɗinki. Kafin mu isa gida, wata ƙawar amarya ta turo mata bidiyon ta WhatsApp tana tambaya ko irin tata ce aka sake ɗinkawa.

Matsayina a kan wannan ba shi da kwana. Daga ranar da aka miƙa yadi ko aka ba da kafin alƙalami, har ranar da amarya ta fita da rigarta daga shago, rigar nan amana ce. Mai shago ba ta da ikon sa wa wata ita, ba ta da ikon rataye ta a bakin ƙofa don masu wucewa, ba ta da ikon ɗaukar hotonta ta watsa, sai da izinin mai ita. Kuma izinin da aka nema a fili, ba wanda aka ɗauka cewa ai za ta yarda ba.

Tun ranar nake ba da labarin nan a gidajen suna da na biki, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan masu kare mai shagon. Ga abin da suke cewa.

"Ai talla ce, da me za ta ci abinci?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ɗinki sana'a ce ta ido. Ba wanda zai kai leshinsa wurin telar da bai taɓa ganin aikinta ba. A da, tallar tela tana yawo ne a jikin mutane: a gan ki wurin biki a ce wa ya ɗinka miki, ki faɗa. Yanzu tallar ta koma TikTok da Facebook da WhatsApp, wadda ba ta saka hoto kuwa sai a ɗauka ta rufe shago. Ga kuɗin haya, ga kuɗin wuta, ga man janareta duk lokacin da aka ɗauke, ga yaran shago da ake sallama kullum.

Duk na yarda. Amma tallar nan me ya hana ta jira kwana huɗu? Rigar ba za ta gudu ba. Ranar Lahadi, bayan an watse, hotunan amarya sun cika wayoyin mutane, a lokacin mai shago ta kira ta ce, "Amarya, kin yarda in saka hoton rigarki?" Da yawa za su yarda da murna, wasu ma su turo mata wanda ya fi kyau, wanda mai hoto ya ɗauka. Tallar da aka yi da amarya ta gaske cikin ƙawayenta ta fi wadda aka yi da yarinyar shago gaban madubi jan ciniki nesa ba kusa ba.

In kuma dole sai an yi bidiyo ana juyi, tela ta ɗinka nata samfurin da kuɗinta, ta sa wa wadda ta ga dama. Shaguna da yawa haka suke yi, ba su mutu ba.

Abin da masu wannan hujja ke mantawa shi ne me amarya ta saya. Ba yadi da zare kaɗai ta biya ba. Ta biya ne don ranar da za ta shigo, a ɗaga kai a ga abin da ba a taɓa gani ba. Wannan gani na farko sau ɗaya yake, in ya tafi ba ya dawowa. Jika 180 rigar nan ta ci mu, leshi da duwatsu da ɗinki. Uwar amaryar adashi ta yi wata goma ta kwasa. Leshin daga Kantin Kwari na Kano ya zo, ta Jibiya da Ɗan Issa, kuma duk mutumin Maraɗi ya san yadda kayan da ke bin hanyar nan suka yi tsada tun rufe iyaka na watan Agustan 2019, sannan wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wadda ta tara kuɗin nan jika-jika, ita ce ke da haƙƙin cewa ga ranar da za a ga rigar ɗiyarta.

Akwai kuma maganar baki. Gidaje da yawa a garin nan ba sa son a ga kayan amarya kafin lokaci, suna tsoron kambun baka da hassada. Wata ta yarda da wannan, wata ba ta yarda ba. Amma ba mai shago ce za ta yanke wa dangin mutane hukuncin abin da ya kamata su ji tsoro ba.

"To in rigar haya ce fa?"

Nan ne mutane ke ganin sun kama ni. Suka ce yawancin amare yanzu haya suke ɗauka, riga ɗaya amare goma sun sa ta, ta mai shago ce, sai yadda ta yi da ita.

Rigar tata ce, gaskiya ne. Amma tun da ta karɓi kuɗi ta rubuta cewa ranar Asabar ta wance ce, ta sayar da wannan rana. Wanda ya ba da hayar ɗaki ba ya shigo da baƙonsa ya kwana ciki don ginin nasa ne. Abin da nake gani yana faruwa, musamman a watan Sha'aban da ake rububin aure kafin azumi, shi ne a ba da riga ɗaya ga amare biyu a mako guda, ta Juma'a da ta Asabar. Ta Juma'a ta dawo da ita da daddare, a fesa mata turare, a goge da sauri, da safe a miƙa wa ta Asabar da zufar wata a jiki. Wadda ta biya kuɗin haya cikakke ta cancanci riga wankakkiya, busasshiya, wadda aka duba zif ɗinta da maɓallanta.

Ba kuma yau aka fara tunanin wannan ba. A makarantun zaure na garin nan ana karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya da ya rasu a 996 Miladiyya. Inda ya yi bayanin haya da ƙwadago ya kawo hukunci biyu a jere. Na farko, wanda ya yi hayar kaya suka salwanta a hannunsa ba a ɗora masa lamuni, ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Na biyu, masu sana'a suna lamunin abin da aka bar musu suka keɓe da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Wato tela da marini da mai bugu, in kayanka suka lalace a wurinsu, su ne da biya. Malamai sun yi haka ne don mai kaya ba ya nan lokacin da ake aiki, ba ya ganin abin da ke faruwa bayan ya juya baya. Shekara fiye da 1000 ke nan, kuma kamar don shagunanmu aka rubuta.

A shagunanmu kuwa an juya abin. Amarya ce ke ajiye kuɗin jingina, in ta dawo da riga da ɗigon miya a zaftare mata ba tare da an ji ta bakinta ba. Amma in mai shago ce ta ɓata rigar da aka ɗinka da leshin mutane, abin da ake samu shi ne "ku yi haƙuri". Mu ma shi muka samu.

"Farar riga ma ai ba tamu ba ce"

Wani dattijo a danginmu ya ce da an tsaya ga atamfa da shadda da duk wannan bai faru ba. Farar rigar amarya daga Turai ta zo, haka ne, ta yi tashe ne bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa fara ranar aurenta a 1840. Amma shaddar Getzner da muke alfahari da ita daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan. Ko saƙi ne na gargajiya aka kai wa tela, hukuncin ɗaya ne. Wanda ba ya son farar riga yana iya hana ɗiyarsa, wannan tsakaninsu ne. Ba ya halatta wa mai shago wasa da ta ɗiyar wani.

Laifi tudu ne

Yanzu bari in taka namu, don in na tsaya kan masu shago kaɗai ban yi adalci ba.

Mu masu zuwa gwaji muna da halinmu. Amarya ɗaya za ta zo da ƙawaye takwas, da ƙanne, da goyo. Shagon da bai fi ɗaki ɗaya ba ya cika. Wannan ta zauna kan ɗinkin wata, waccan ta buɗe ledar soyayyen nama tana ci, hannu duk mai, ta miƙa ta shafa rigar da ke rataye ta ce, "Kai, wannan ta yi kyau." Yaro ya zo da jus ɗin bisap, wato zoɓo, a leda yana tsotsa yana yawo tsakanin fararen riguna. Na taɓa ganin ƙawar amarya ta sa riguna huɗu ɗaya bayan ɗaya, ba aure za ta yi ba, hoto kawai take so. Rigunan nan kowace da mai ita. Abin da aka yi wa tamu, mu ma mun sha yi wa na wasu ba mu sani ba.

Sai masu zuwa da niyyar satar samfuri. A shigo kamar za a yi ciniki, a sa mai shago ta sauko da riga biyar, a ɗauki hoto ta gaba da ta baya, a ce za a dawo, a wuce wurin wani tela mai araha a ce ya kwaikwaya. Wadda ta kwana uku tana jera duwatsu da hannu tana da haƙƙin jin zafin wannan.

Mai zuwa gwaji ta zo da mutum ɗaya ko biyu, uwa ko gwaggo da babbar ƙawa, sun isa. Ta zo da wanka, fuska ba kwalliya. Ta zo da takalmin da za ta sa ranar, don da shi ake yanke tsawon riga. In ta yi ƙunshi jiya, ta bari sai ya bushe ya kama sosai. Kuma ta zo a lokacin da aka ce, ba a ce ƙarfe huɗu ta zo bayan magariba, tela ta gaji, wuta ta tafi, a yi awo da fitilar salula, gobe a ce riga ta karkace.

Masu ɗaukar haya kuma, a ji tsoron Allah. Rigar da aka karɓa don yini ɗaya kada ta koma ta ƙanwa ta je wani biki da ita kafin a mayar. In an yi liƙi an taka gindinta ya yage, a faɗa, kada a naɗe wurin ciki a miƙa a gudu. Gaskatawar da shari'a ta ba mai haya ba lasisin ƙarya ba ce.

Abin da rigar nan ba ta so

Wani ɓangare na ɓarnar ba mugunta ba ce, rashin sani ne, kuma yaran shago ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Yawancin rigunan nan da yadin roba ake yin su, ragar da ke sa su kumbura da mai santsin da ke ciki. Dutsen guga mai zafi yana narkar da su nan take, balle na gawayi da ba a iya daidaita zafinsa, ga tartsatsi. Sai an shimfiɗa farin ƙyalle a kai a goge ta ciki, ko a yi da tururi. Duwatsun da aka manna da gam, zafi yana sakin su. Hodar fuska ta zamani mai ce a cikinta, ruwa kaɗai ba ya fitar da ita, gurzawa kuma ƙara tura ta cikin zare take yi. Humra da turaren mai in suka ɗiga kan yadi mai santsi suna barin tabo kamar taswira. Zufa ba a ganinta ranar, amma in aka naɗe riga ba a wanke ba, bayan ƴan watanni hammata ta koma ruwan ɗorawa. Lalle kuwa rini ne, in ya kama farin yadi da wuya ya fita.

Ga yanayin garinmu. Da hunturu, riga ta yini ɗaya a bakin ƙofa ta sha ƙura ta koma ruwan toka. Da bazara, zafin Afirilu da Mayu ya haura digiri 40, mace ta sa riga mai rufi uku minti biyar ta jiƙe sharkaf. Shi ya sa "minti biyar" ɗin da aka ce mana ba ƙaramin abu ba ne. Da damina kuma, leda tana riƙe laima, riga ta fito tana warin ruma. Mai nauyi in ta daɗe a rataye da kafaɗa, nauyinta ya ja ta ta saki.

Na san wata tsohuwar tela a Bagalam, wadda ta ɗinka mini kayan aurena. Ba ta da madubi mai fitila, ba ta da shafi ko'ina. In ta gama ɗinkin amarya sai ta wanke hannu, ta shimfiɗa farin zane wankakke a kan gado, ta kwantar da rigar, ta naɗe ta sau uku, ta soka ƴar takarda mai sunan amarya da allura a jikin zanen, ba a jikin rigar ba, ta sa a akwatin ƙarfe ta kulle. Ko ɗiyarta ba ta buɗe akwatin nan. In maƙwabciya ta leƙo ta ce a nuna mata, amsarta ɗaya ce: "Ba tawa ba ce." Farin zane da akwati nawa suke? Ba tsada ce ta hana sauran yin haka ba.

Bayan labule

Akwai abin da ya fi riga, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Yarinya tana tuɓe kayanta a shago don gwaji. Sau da yawa abin da ya raba ta da jama'a labule ne da bai kai bango ba, a gefe ga samari masu kai saƙo, ga mai gyaran keke, ga wayoyi a kowane hannu. Wasu shagunan namiji ne ke awo, ba kuma mace ko ɗaya da za ta karɓi igiyar awon ta yi masa. Wanda ya iya sayen fitilar bidiyo ya iya sa ƙofa mai sakata, ya iya ɗaukar mace ɗaya don awo.

Hoton da ake ɗauka wurin gwaji, amarya ba ɗankwali ba mayafi, wai don a ga inda za a gyara, ina yake zuwa daga baya? A wayar wa yake kwana? Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma hoton mutum yana cikin abin da ba a watsawa sai da yardarsa. Amma tun kafin doka muna da abin da ya fi ta kusa da mu. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita, kuma cin amana na cikin alamomi uku na munafuki da suka zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Saɓa alkawari ma na cikinsu, abin da muka mayar da shi wasa har muna cewa "alkawarin tela". Muna jin waɗannan a wa'azi sai hankalinmu ya tafi ga masu riƙe da baitulmali. Mai riƙe da rigar marainiya ma tana ciki.

Wata ta ce mini duk wannan sai hukuma ta shigo. Ni ban ga abin jiran hukuma ba. Ranar da za a miƙa yadi, a sa mai shago ta rubuta a takardar da take rubuta kafin alƙalami: ga ranar karɓa, ba mai sa rigar sai mai ita, ba hoto sai bayan biki kuma da izini, in ta lalace a shago gyara na shago ne. In haya ce, a buɗe rigar gaban juna a duba ta ciki da waje kafin a fita da ita, a ɗauki hoton duk tabon da ke jiki. Mai shagon kirki ba za ta ƙi wannan ba, don ita ma yana kare ta daga masu dawo da riga a yage su ce haka suka karɓa. Wadda ta ƙi, kin ga halinta tun leshinki yana hannunki.

Rigar tamu, daren nan muka kai ta gidan wanki. Layin hodar ya dushe amma bai fita duka ba, sai da muka daidaita mayafi ya rufe wuyan. Duwatsu biyu ba a samu irinsu ba, aka ciro daga can ƙasan baya aka cike ƙugu. Ranar Asabar ta sa ta, ta yi kyau, mutane suka yi ta sa albarka. Da ta shigo na ji wata a bayana tana ce wa ƴar uwarta, "Ai wannan ce muka gani a waya."

Har yau bidiyon yana shafin shagon. Na aika sau biyu a cire, aka ce to. Jibi in Allah ya kai mu zan koma da ƙafata, ni da uwar amaryar.